Kafin Ki Hau Dutsen

Zauna, Marnie, ki bar goge bindigar nan,
tun la'asar kike abu ɗaya.
Gwiwata ta ƙi, ba da ni za a hau gobe ba,
sai ki karɓi abin da ya rage mini, baki da tunawa.

Su Orval can ƙetaren iyaka
ganga suke cikawa da tsohon burodi da maiƙo,
su ɗare bishiya su jira baƙo ya zo walima.
Ban zage su ba.
Amma mu nan Kwarin Slocan
ƙafa muke ba wuya, da ido, da zaman shiru.

Watan Mayu ne, baƙin beyar ya bar raminsa
ciki kamar jakar da aka zazzage.
Ciyawa yake so tukuna, ɗanya sharaf.
Nemi gangaren da ke duban kudu,
inda rana ta fara lashe dusar ƙanƙara,
inda zaftarewa ta aske dutse ta bar tsaga koriya.
Kar ki raina tsohuwar hanyar masu yankan katako.
In kin ga kashi, tsokane shi da tsinke,
in da laushi, mai shi bai yi nisa ba.

Idonsa da dama-dama, hancinsa ne abin tsoro.
Ɗaura zare a bakin bindiga ki riƙa tambayarsa.
Da hantsi iska hawa take, da yamma ta gangaro.
In kin ji ta a ƙeya, naɗe kayanki,
an riga an kai tseguminki.

Sai zama, madubin hangen nesa a ido,
har ɗuwawu ya mutu, sauro ya ƙoshi.
Duk kututturen da gobara ta ci zai zame miki beyar.
Yi haƙuri da su.
Dab da faɗuwar rana wani kututture zai yi tafiya.

Kar launi ya ruɗe ki, baƙin kan zo ja kamar shayi.
Dubi kafaɗa. In da tozo, fuska kamar kwano,
wannan ba naki ba ne, ja da baya, kar ki ruga.
Mai dogon kunne a tsaye yaro ne, ƙyale shi.
Babba kunnuwansa ƙanana, sun yi nesa da juna
kamar 'yan'uwan da suka raba gado,
yana tafe yana rangaji, ciki na sharar ciyawa.

Yanzu matso.
Ina da ashirin da biyu na ga wata a bakin rafi.
Minti biyu na ba ta, na harba.
Ƙarar ba ta gama yawo a dutse ba
sai ga biyu suna saukowa daga itacen al'ul,
kowanne bai fi takalmina ba,
suna kuka irin na jarirai.
Kakarki Thelma ta yi kwana tara ba ta ce mini uffan ba.
Shekara hamsin da ɗaya ke nan,
har yau ban bi ta rafin ba.

Don haka in kin samu, ba shi rabin sa'a.
Uwa kan aika 'ya'ya sama ta yi kiwo kamar ba kowa.
Dubi bishiyoyi, ki sake duba.

In kin tabbata namiji ne shi kaɗai,
jira ya ba ki haƙarƙari, ƙafar gaba ta miƙe,
sauke numfashi, sannan yatsa.
Kar ki bi shi da gaggawa, gashi na shanye jini.
Feɗe da wuri, kitse riƙon zafi gare shi,
naman kuma a dafa har ya yi luguf.

In ko kin dawo hannu rabbana,
da ƙaya a wando da labarin kututture,
akwai wake a tukunya, zan jira ki.

Ɗauki safa biyu.
Kashe fitilar nan in za ki fita.