Gashin Hankaka

Shekara arba'in da ɗaya ina ɗaure tsirkiya a Kiremona,
garin da hazon kogi ke shiga katako ya kwana,
da safe goge ya tashi da mura.
Sunana Ottabiyo.
Kunnen hagu ya fara yi mini rowa,
na dama kuwa har gobe alƙali ne.

Akwatin da nake yi wa hidima kakan fiyano ne,
ya girmi kakan kakana.
Ba ya dukan tsirkiya, mintsininta yake yi
da gashin hankaka, wanda nake feƙewa da hannuna.
Muryarsa siririya,
kamar an zubar da allurai a farantin tangaran.

Sai ga Fiyorenza, rigar ruwanta na ɗiga,
ta baje takardu a kan murfinsa ba ko sallama.
Rabin shafin na gane shi:
takun mutanen da ne, masu hular gashi da hoda,
murya na bin murya kamar yara a kan matakala.
Sauran rabin, Allah na tuba,
sai ka ce kaza ta taka tawada.

Ta ce in sassauta tsirkiya guda,
ta goma sha bakwai daga ƙasa,
kaɗan dai, kaurin silin gashi.
Na ce, yarinya, gyara aka ɗauke ni yi.
Ta ce, to gyara mini ita ta karkace.

Kwana uku ina zagaye akwatin.
A na huɗu na murɗa makulli ina kau da kai
kamar mai yanka zakaran da ya kiwata.

Daren taro ina bayan labule.
Goge ashirin suka tashi tare, da ladabin masu shiga coci,
tsohona na amsa musu da yaren ƙuruciyarsa.
Can sai lasifika ta yi gurnani a ƙarƙashin dandamali,
ƙarar jirgin Milan ce da ta naɗo a tasha.
Mai babban goge ya ƙwanƙwasa katako da gadon baka,
mai ganga ya ja sarƙa a kan fata.
Wata dattijuwa a layi na uku ta rungume jakarta.
Na ce shi ke nan,
sun binne tsoho da ransa.

Ashe laɓewa ya yi.
Da hayaniya ta gaji ta zauna,
ya fito shi kaɗai da 'yar waƙarsa ta farko,
yana tafe yana dogarawa,
har ya taka tsirkiyar da na karkatar.
Ta yi rawa. Ta yi amo biyu a baki ɗaya,
daidai da kukan birkin jirgin da ya wuce ɗazu.
Tsigar jikina ta tashi.
A tashar nan na raka Jakomina shekarar da ba ta dawo ba,
kuma haka birkin ya ce.

Hankaka, mai da ɗan wani naka!
Shekara ɗari uku yana jiran jirgi
ban sani ba, ni da nake share masa ƙura.

Da aka watse na fito da makulli
in mayar da ita kan hanya.
Mai shara ya kashe rabin fitilu, yana jira na da tsintsiya.
Na taɓa ta sau ɗaya. Na sake.
Na mai da makulli aljihu.
Akwai wani taron ran Alhamis.