Matatar Tauvela

Kurjin ƙafarsa ya warke tun mako uku.
Ni na wanke shi da hannuna, na ga tabon ya bushe,
na ce shi ke nan.
Ashe tsugune ba ta ƙare ba.

Ran Talata jikana ya tashi da fuskar wani,
idanu sun nutse cikin kumburi,
takalmin makaranta ya ƙi ƙafa.
Ɗan fitsarin da ya yi a gindin kwakwa
launin shayin da aka manta a kan wuta.

A asibitin Tuasivi
nas Fuatino ta gwada jininsa, ta sake gwadawa.
Sai ta dubi tafin hannuna:
"Kaka, ke ke matse kwakwa a gida?
To, ƙodarsa ma matata ce,
ƙananan rariya dubu kan dubu,
kowacce ƙullin jijiya da ta fi gashi siranta.
Ƙwayar cuta ta shigo ta kurjin nan,
dakarun jiki suka kama ta da kokawa.
Sun yi nasara.
Amma jini ya kwaso tarkacen yaƙin,
mai kamu da abin kamu a sarƙe,
ya zube su a idon rariya.
Wurin ya yi fushi, ya kumbura.
Inda ya toshe, ruwa da gishiri suka rasa ƙofa,
suka koma fuska, suka hau da jini.
Inda ya yage, jan jini ya bi fitsari."

Na ce, "Wato masu gadin gida ne suka fasa tulun?"
Ta ce, "Garin korar ɓarawo."

An hana shi gishiri.
A Savai'i!
Inda teku ke lasar ƙofar ɗaki,
inda iska ma, in ka buɗe baki, sai ta yi maka miya.
Ina gasa masa gwaza lami,
ina auna ruwansa da kofi kamar kananzir.
Yana ci yana harara ta.

Kullum da asuba nakan ɗaga kwalba ga haske.
Shayi.
Shayi mai ruwa-ruwa.
Ran na tara, ruwan kaba.

Yau takalmin ya shiga.
Ya ruga bakin teku, bai ɗaure igiya ba.
Na koma kan kwakwata,
ina matsawa a hankali,
a hankali fiye da yadda na saba.