Kashi Arba'in

Takardar ta iso Kuopio cikin duhun Janairu,
shafi goma sha biyu, irin wadda ake aiko wa tagwaye:
Kana shan giya? Kana samun barci?
Na cike tawa.
Ta Reino bana ba mai cikewa.

Ƙwai ɗaya ya rabu, muka zama biyu.
Sai da inna ta ɗaura mini jan zare a wuyan hannu
kafin ta daina shayar da shi sau biyu.
Murya ɗaya, ɗingishi ɗaya a ƙafar hagu.
Amma kwalba ta kira shi, ya amsa.
Ni da ta kira, ina ɗinkin raga, ban ji ba.

Dakta Miettinen ta rubuta mini a allo:
“Wajen kashi arba'in gado ne.”
Na ce, nuna mini arba'in ɗin a jikina,
a hanta yake, ko a maƙogwaro?
Ta ajiye alli.
“Ba naka ba ne, Veikko, na taro ne.
Bambancin mutum dubu goma muka auna.
In ka fita kai kaɗai, lambar ba ta bin ka gida.”

'Yata Aune, mai karatun falsafa a Helsinki,
ta ce kalmar nan, ƙwayar gado, jaka ce mai kaya biyu:
ɗaya zare ne, a yanka shi, a karanta,
ɗaya inuwa ce da ƙidaya ta jefa a bango.
Sai mutane su cafke inuwar, su ce ga zaren.

Da asuba na hau tafkin Kallavesi,
na huda rami inda muka saba zama.
Kaurin ƙanƙara ya kai kamu guda.
Na tambaye ta: nawa ne na ruwa a cikinki,
nawa na sanyi?
Ta yi ƙara can ƙasa, kamar tsohon gado an juya a kai.

An ce hali zanen dutse ne.
To dutse ɗaya aka ba mu.
Wa ya riƙe ƙusar?

Na leƙa ramin, fuskar Reino ta leƙo ni,
da jan hancin, da girar nan tamu,
tana jira in fara magana.

Ƙugiya ta motsa.
Na ja.