Ranar da Gishiri Ya Ji Kunya

A garinmu teku ake nomawa.
Kakana Baldassare ne ya faɗa,
na yi dariya, ina 'yar shekara bakwai.
Bai yi musu ba, ya kama hannuna,
muka bi siraran kunyoyin dutse
har inda ruwa ke kwana a fili, bayan Trapani.

Ya ce, ga gonar. Ba iri, ba garma.
Da bazara mu buɗe wa teku ƙofa,
ta shigo kamar baƙuwa, ta zauna a zaure,
mu matsar da ita ɗaki na biyu, na uku,
rana na tatsa, iska na lasa,
har ta yi ja kamar cikin kankana,
har ta gaji, ta ajiye farin kayanta, ta hau sama.

Hasumiyar nan mai jar hula da fukafukai shida
ita ke jan ruwa a zamanin ubansa.
Yanzu ta yi ritaya.
Baƙi ke zuwa da yamma su ɗauki hotonta,
su sayi gishiri cikin 'yar kwalba da kuɗin buhu.
Tsuntsaye masu dogon wuya, ruwan hoda,
na tsaye da ƙafa ɗaya, ba ruwansu da kowa.
Can bisa dutse, Erice ya naɗa gajimare.

A gida kakata Girolama
na murza kuskus a kasko da yatsu uku,
romon kifi na tafasa, tafarnuwa ta cika lungu.
Ta ce Larabawa ne suka tafi da jiragensu
suka manta tukunya a kan wuta,
mu kuwa ba mu sauke ba har yau.

Shekarar da idanun kakana suka yi fari
(hasken gonar ne ya ci su, a hankali, shekara sittin)
mun tara tsibi bakwai, kowanne ya fi ɗaki.
Satumba bai yi nisa ba, ba a rufe ko ɗaya ba.
Yana zaune a ƙofa ya ɗaga hanci,
ya ce, iska ta juya. Ku tashi.
Sama tas, ba ko ɗigon baƙi.
Ya buga sanda: na ce ku tashi!

Gishiri mai yi wa kowa dariyar rana,
ran ruwa shi ke jin kunya.

Aka kaɗa ƙararrawar coci ba lokacinta ba.
Liborio mai burodi ya fito da gari a gemu,
fada ya tattare riga zuwa gwiwa,
Nunzia ta miƙa wa makahon jaririnta ta ruga.
Muka yi layi, jan marufin yumɓu
na tafiya hannu zuwa hannu, hannu zuwa hannu,
muna yi wa tsibi rufi kamar gidan mutum.
Tafina ya tsage, gishiri ya shiga, ban tsaya ba.
A na biyar hadari ya iso.

Biyu suka narke muna kallo.
Farin ruwa ya bi kwata ya koma inda ya fito.
Maza suka yi shiru, wani ya zagi sama.
Kakana ya sa aka kai shi bakin kwatar,
ya tsoma yatsa, ya ɗanɗana, ya gyaɗa kai.
Ya ce, mai kaya ce ta zo karɓar kasonta.
Shekara sittin ina ɗiba, ban taɓa jin ta ƙirga ba.

Yau shebur ɗinsa na hannuna,
ƙotar ta lotsa daidai inda yatsunsa suke,
nawa ba su cika gurbin ba.
Ƙanena na Torino yana ɗaura ƙusoshin mota.
Duk kaka nakan aika masa ƙulli ɗaya, marar wanki,
ya bugo waya ya ce abincin can lami ne.
Ni kuma in fita ƙofa, in ɗaga hanci,
in rufe ido, ko zan ji abin da tsohon ke ji.
Har yanzu sai na ga hadari nake ganewa.