Abin da Faifai Ya Iya Ɗauka

Nomau ya duƙa a kan ordinatarsa
a shagon nan na bayan babbar kasuwa,
fanka tana juyawa kamar an tilasta ta.
Ya ce, "Giga ashirin da ɗaya ka kawo,
faifan nan huɗu da ɗoriya yake ci.
Tiya biyar kake so in zuba
a ƙwaryar da tiya guda ke cika ta."

Na ce, "Sunan ɗiyata ne. Kar ka taɓa kome."
Ya ce, "To saya wa tsohuwar waya."
Bai san Inna Cima ba.
Waya, in ji ta, makauniyar ajiya ce,
yau tana aljihu, gobe tana rijiya.
Injinta na faifai, ɗan Jibiya,
yana kan akwati a Tibiri, lulluɓe da ɗankwali,
shi kaɗai ta ba amana.

"Sai mu matse," in ji Nomau.
Muka matse, kamar tunkuza a hannun mai ƙuli.
Awa uku injin yana nishi,
na sha shayi har na uku, na biya,
wuta ta tafi, muka tsine, ta dawo,
muka sake daga farko.

Da hoto ya fito, kowa yana nan,
amma man ya tsiyaye.
Shaddar liman ta zama bango,
lallen Habsu ya zama tabo,
ganyen dogon yaro ya dunƙule kamar tuwon jiya.
Na ce, "Tsaya. Koma baya. Nan."
Fuskar Inna ce.
Tsagar nan, shida a nan, bakwai a can,
da nake ƙirgawa da yatsa ina bisa cinyarta,
injin ya ɗauka datti ne, ya goge.
Abin da aska ta rubuta, shekara tamanin ba su share ba,
ya share shi kafin la'asar.

Na ce, "A'a."
Ya ce, "To yanka. Ko ka rage wa kowa,
ko ka rage wasu."

Na zauna da almakashin da ba ya ƙara.
Jawabin maigidana na ofis, minti goma sha tara: ya fita.
Motocin da aka jera ƙofar gida: su ma.
Fiɗar rago, na bar wuƙar farko kawai.
Ni kaina, ina gyara hula sau huɗu
ina tsammani ba a ganina,
na cire biyu, na bar biyu don gaskiya.

Sai muka iso inda Sabi'u mai ɗauka
ya aje kamara bisa turmi ya tafi alwala.
Minti sha biyu, babu kan kowa:
silifa, gindin tukunya, kaza tana sata,
muryar Inna tana faɗa a kan gishiri,
sannan hannunta ya shigo ta gefe
riƙe da tafin ƙafar jaririya,
tana murza shi kamar mai duba gero.
Nomau ya kai hannu zai datse.
Na riƙe masa wuyan hannu.

Giga huɗu da ɗigo uku. Ya shiga.
Ya rubuta suna da alƙalami mai wari,
jaka ɗaya da rabi, ban nemi ragi ba.

Ran Juma'a na hau kabu-kabu.
Aka ɗaga ɗankwali, aka haɗa batir,
yaran maƙwabta suka cika zaure har waje.
Tsaga ta fito, shida da bakwai, ras.
Na juya in ga ko ta gani.
Yanar ido ta riga ni.
Kunne ta kara kusa da akwatin,
baki a buɗe kaɗan.

"Wace ce wannan mai masifa?"
"Ke ce, Inna."
Ta yi shiru, ta saurara har ƙarshe.
"Da gaskiyarta," ta ce.
"Miyar nan ba ta ji gishiri ba."