Funfuna

Na san ta a kan tuwon da ya kwana uku a akushi,
farin gashi, sannan toka-toka.
Ban san tana kama mutum yana raye ba,
yana salla, yana ƙirga canjinsa.

Babana Tsahiru shekara arba'in
yana gyaran sikeli a bakin babbar kasuwa.
Masu gyaɗa, masu aya, mahautan Mokoyo,
duk wanda allurarsa ta yi ƙarya
wurinsa yake kawo ta.
Da damina ta ɗauke, Lawali ya aiko kuɗin mota:
zo Kwatano ka ga teku, ka ga jikoki.
Ya je. Bai iya zama hannu rabbana ba.
Akwai wani tsohon magaza a bayan gidan,
tantabaru sun yi shekaru suna mulki a rufinsa.
Kwana biyu yana kankare kashinsu da shebur,
ko ƙyalle bai sa a hanci ba.

Ya dawo da gishiri, da abarba huɗu,
da ɗan tari wanda ba mu ba shi suna ba.

Ciwon kai ya fara zuwa.
Muka ce zazzaɓin sauro ne, muka saya, ya sha.
Sati uku. Ya ce a rufe taga, hasken yana cizo.
Wata safiya ya dubi Inna Cima
ya ce, ku biyun nan wace ce ta kawo kunun?
Muka yi dariya. Allah ya yafe mana dariyar nan.

Sai ƙasa ta karkace masa.
Mutumin da ya daidaita ma'aunin rabin Maradi
ya tashi daga tabarma zuwa randa
yana dafa bango kamar mai tsallake gulbi a watan takwas.
Ya kira ni da sunan ƙanwarsa da ta rasu kafin a haife ni.
Maƙwabta suka ce iskar bakin teku ce.
Wasu suka ce tsufa ne, Habsu, a yi haƙuri.
Tsufa ba ya zuwa a wata ɗaya, na ce,
ban kuma ƙara ba, don muryata ta fara rawa.

A likita wata yarinya mai gilashi,
ba ta kai ni shekaru ba,
ita ce ta fara tambaya: ina ya je? Me ya taɓa?
Da na ce tantabaru ta ajiye biro.
Suka lanƙwashe shi kamar jariri,
suka sa allura a gadon baya,
ruwan ya fito da gudu, garau kamar na rijiya.
Ta ce za su ɗiga masa tawada su duba.
Baba ya buɗe ido ɗaya:
tawada kuma? Ashe ku ma rubutu kuke yi.

Maganin rawaya ne, kamar garin ɗorawa a ruwa,
yana sauka ɗigo-ɗigo,
yana girgiza shi har gadon ƙarfe ya yi ta kuka.
Mun sayar da tunkiya biyu da keken ɗinkina.
Lawali yana bugo waya yana kuka, yana cewa laifina ne,
ina ce masa ka aiko kuɗi, kukan muna da shi a nan.

Yau kwana goma sha tara.
Kunnensa na hagu bai dawo ba, wataƙila ba zai dawo ba.
Da hantsi aka ɗora shi a sikelin likita,
ni da Inna muna riƙe da hammatarsa.
Ya sunkuya, ya daɗe yana kallon allurar.
Ya ce, Habsu,
(Habsu ya ce, da sunana)
wannan abin yana cin rabin kilo.
Ki ce su kawo mini sukundireba.