Canjin Gwaggo Kaltuma

Ran Asabar, a gidan tarihi na Kusuri,
aka jera benci, aka ɗaure lasifika a jikin dalbejiya.
Ni ne tafinta:
ta faɗa da Hausa, in juya wa baƙi da Faransanci.

Gwaggo Kaltuma ta ƙi kujera.
Ta zauna a tabarma, daf da akwatin gilashi
inda keken ɗinkinta ke kwance da lamba a wuya
kamar majinyaci a asibiti.

Malamin jami'a ya buɗe littafi:
"Wace rana ce? Rundunar wa ta fara harbi?"
Ta ce, "Ɗan nan, harsashi ba ya sallama,
balle ya faɗi sunan ubangidansa.
Ni dai miyar kuɓewa na bari a wuta,
ko gishiri ban sa ba.
Har yau in na ji ƙauri, Injamena nake gani."

Na juya.
Gishirin ya shiga Faransanci lafiya,
ƙaurin ne ya ƙi.

Ta ce a ka ta ɗauko keken har bakin Shari.
Wani da katifa, wani da akuya,
wata rungume da agogon bango, yana ta bugawa abinsa.
Ruwa ya kai wa kwalekwale leɓe.
Ba wanda ya yi kuka
sai da ƙafa ta taɓa lakar wannan gaɓar.

Can a bencin baya wani tsoho ya ɗaga sanda:
"Ba da hantsi ba ne. La'asar ta yi."
"Wa ke gyara mini rana?"
"Madi. Ni na tuƙa ki.
Wannan ƙarfen naki ya kusa kifar da mu."

Ta daɗe tana dubansa.
"Mai tabo a goshi!
Dala ɗari biyu na ba ka, ka ce babu canji,
in dawo gobe."

Dariya ta tashi har tsuntsaye suka bar dalbejiya.
Ya laluba aljihu: ɓarin goro, carbi, silalla uku.
Ta ce, "Ajiye.
Sau nawa ka koma ran nan?"
"Sha ɗaya.
A na sha biyu ƙanena ya karɓi filafili,
ya ce in je in ci abinci."

Ya tsaya nan.
Baƙi suka dube ni.
Na dubi lasifika.

Da aka watse, ta kwance bakin mayafi,
ta fito da 'yar kwalbar mai.
Mai gadi ya ce doka ce, ba a taɓawa.
Ta ce, "Shi tarihin ba ya tsatsa ne?"

Ya waiga dama, ya waiga hagu,
ya zaro mabuɗi.
Madi ya riƙe mata murfin gilashin.
Ɗigo uku,
ta murɗa,
allura ta sauka, ta hau, ta sauka,
babu zare, babu ƙyalle.